Ba takalmi, takalmin taya ko kambas mai katifa: wanne zai fisshe ka idan kana gudun safe a Katsina?

Tun ranar da likita ya ce mini hawan jini ya fara leƙo ni, na shiga sahun masu sassarfa bayan sallar asuba. A cikinmu akwai malaman makaranta, akwai 'yan kasuwa, akwai samarin da ke shirin neman aikin soja. In an tsaya mayar da numfashi, gardamar da ba ta ƙarewa ita ce ta takalmi. Wani zai kalli bidiyo a YouTube a ce masa takalmi ne ke kashe ƙafa, washegari sai ga shi ya fito ƙafa ba komai. Wani kuwa ya tara kuɗin wata biyu ya sayo kambas mai ƙasa kamar katifa, ya rantse in ba shi ba gwiwarsa ta tafi ke nan. Ni dai na gwada kowanne, har ɗaya ya zaunar da ni a gida mako shida. Wanda ke tsaka-tsaki, bai san inda zai karkata ba, shi nake wa wannan bayani.

Zaɓi huɗu ne a gabanmu: gudu ba takalmi, takalmin kanti mai siririn ƙasa, takalmin taya da mai gyaran takalmi zai yanka maka, sai kambas mai kauri, sabo ko gwanjo.

Abin da za a auna

Kuɗi na farko, kuma ba kuɗin saye na rana ɗaya kaɗai ba, har da sau nawa za ka koma kasuwa. Sai ƙarko. Sai sauƙin sabo, wato tsawon lokacin da ƙafa za ta ɗauka kafin ta karɓi abin. Sai haɗari. Akwai kuma wasu biyu da masu bidiyon ƙasashen waje ba sa lissafawa don ba su san mu ba: irin ƙasar da za ka taka, da tarihin ƙafar taka.

Kafin a je ko'ina, a fahimci abin da ke faruwa idan ƙafa ta dira. Kowace ƙafa ƙasusuwa 26 ne da gaɓoɓi 33. Mai kambas mai kauri yawanci da dunduniya yake fara sauka, domin soson da ke ƙarƙashi ya ɓoye masa zafin dukan. Ka cire masa takalmin ka ce ya ruga a kan kwalta, ba zai yi taku ashirin ba zai gajarta taku, ya koma sauka da gaban tafin ƙafa ko tsakiyarsa. Ba wanda ya koya masa, zafi ne ya koya masa. To amma nauyin bai ɓace ba, wuri kawai ya sauya. Ya ragu a gwiwa, ya ƙaru a sha-raɓa, da agara, da siraran ƙasusuwan nan da ke bayan yatsu. Duk hayaniyar da ake yi a kan wannan take. Har yau bincike bai nuna cewa wani salon ya fi wani rage yawan rauni ba. Inda raunin ke sauka ne ya bambanta.

Batun tarihin ƙafa kuwa, muna da ɗan rinjaye. Yaron da ya tashi a Ƙofar Guga ko cikin garin Daura ya buga ƙwallo a lungu ba takalmi, ya yi langa, ya girma da silifas da fade, waɗanda ƙasansu a shimfiɗe yake ba tudun dunduniya. Muna tsugunno, muna lanƙwasa yatsu a sujada kullum. Ƙafarmu ba irin ta wanda aka ɗaure wa takalmi tun yana tatata ba ce. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka. Ƙafar da ta shekara ashirin cikin sau-ciki da safa, daga mota sai kujerar ofis, ba ita ce ƙafar yaron nan na lungu ba. Ga tumbi kuma ya ƙaru mata a kai.

Ba takalmi

Duk mai kare wannan ra'ayi da Abebe Bikila yake fara kafa hujja, kuma da gaskiyarsa. Ɗan Habasha ne, ya ci gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960, kilomita 42 da 'yan mitoci, ƙafa ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15. Abin da ba a cika ƙarasawa ba shi ne, da yamma aka fara tseren nan har ya shiga dare, ba a kan kwalta mai zafin rana ba. Kuma bayan shekara huɗu, a Tokiyo a 1964, ya sake lashewa sanye da takalmi, ya kuma rage kusan minti uku. Mutum ɗaya, hujja biyu, kowane ɓangare na jan wadda ta yi masa daɗi.

A 2010 Daniel Lieberman na jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun auna masu gudu a Amurka da Kenya. Sun ga waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka da gaban ƙafa, kuma dukan farko da ke ratsa jiki ya fi sauƙi a wurinsu. Wannan aikin ya ƙara wa yayin gudu ba takalmi ƙarfi sosai. Sai a 2013 wasu masu bincike suka je wajen mutanen Daasanach da ke kusa da tafkin Turkana a arewacin Kenya, mutanen da ba su saba da takalmi ba, suka tarar mafi yawansu da dunduniya suke sauka idan suna sassarfa. Ashe taushin ƙasa da saurin gudu su ma suna da ta cewa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a kan rairayi mai laushi irin na jigawar Daura, za ka iya cire takalmi ka ci gaba da dira da dunduniya abinka ba ka sani ba.

Kuɗi babu. Ƙarko, fatarka ce, tana kauri da kanta. Amfaninsa kuma ba ƙarya ba ne. Yatsu suna buɗewa su kama ƙasa, tsokar tafin ƙafa tana aiki, taku yana gajarta, kuma kana jin kuskurenka nan take. Ranar da na fara zagaya wani fili mai rairayi ba takalmi, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Duk ƙarar fat-fat ɗin da na saba ji ta ɗauke.

Matsalar tana ƙasa. A kaka ƙarangiya ta nuna, tana manne wa duk abin da ya gifta. Tsidau ya fi ta mugunta, domin duk yadda ɗansa ya faɗi sai ƙaya ɗaya ta kalli sama, shi ne ma ke fasa tayar keke. Ƙayar aduwa ko ta bagaruwa in ta shige ta karye a ciki, aiki ya samu. Cikin gari kuma ga fasassun kwalabe, ga ƙusa, ga bakin gwangwani, ga wayar da ke saura inda aka ƙone taya. Kowane lokaci na shekara da nasa. A bazara, Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, da hantsi ya yi ba ta takuwa. A hunturu fata na bushewa, kaushi ya zama faso, faso ya buɗe ya yi jini. Man kaɗanya da dare yana taimakawa, amma ba ya hana yashi shiga tsagar. A damina kuwa, a jiƙaƙƙiyar ƙasar da ake bahaya kusa da ita, akwai tsutsar ciki mai huda fatar ƙafa ta shiga jiki, ta zauna a hanji tana shan jini. Kunama ma ba ta neman izini.

Akwai wani cikas da sai wanda ya gwada ya sani. Mai gudu ba takalmi da idonsa yake gudu, dole ya ga inda zai taka. Mu kuwa da duhun asuba muke fita don guje wa rana. Lokacin da ya rage maka ɗan tsakanin wayewar gari ne da ɗagowar rana. A bazara wannan ɗan lokacin ba ya da yawa.

Sai kuma idon jama'a. Wata safiya wani dattijo da ke zaune a dakali da carbinsa ya bi ni da kallo har na zo dab da shi, ya ce, "Malam, lafiya? Ko a masallaci aka ɗauke maka su?" Na ce, "A'a Baba, motsa jiki ne." Ya ce, "To, Allah ya kyauta." Wanda ba ya jure irin wannan ya nemi fili mai katanga.

Duk mai niyyar wannan ya tabbata ya yi allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora, wanda ƙusa ko ƙaya mai datti ke iya jawowa.

Takalmin kanti mai siririn ƙasa

Wannan takalmi ne da aka yi don ya kwaikwayi rashin takalmi. Ƙasansa 'yan milimitoci ne, ba soso, dunduniya da yatsu a layi ɗaya suke ko kusa da haka, gabansa da faɗi don yatsu su sake, kuma kana iya naɗe shi a hannu kamar tabarma. Kamfanonin Vivobarefoot, Xero Shoes da Merrell suna yin irinsa, sai Vibram FiveFingers mai gidan kowane yatsa daban, wanda in ka sa shi a unguwa yara za su raka ka har gida.

Sabonsa daga waje yakan kai dala 100 ko ya wuce, ban da kuɗin kawowa. Ka buga da canjin yau ka gani. Ba kaya ne da za ka shiga babbar kasuwa ka ce a ba ka lambarka ba. Sai dai a dace da shi cikin dilar gwanjo, inda sau da yawa mai kayan ke ɗaukarsa takalmin wanka ne ya sayar da arha. Wajen ƙarko yana da kirki, tunda ba soson da zai mutu. Sai ƙasan ya cinye ko saman ya yage. Yana tare tsakuwa, kwalba da ƙarangiya. Doguwar ƙaya kuwa in ta samu daidai tana iya ratsa shi.

A nan haɗari ya fi ɓuya, kuma a nan na faɗa. Idan kana gudu ba takalmi, fata ce ke fara ƙorafi. Kafin ƙashi ya gaji, tafin ƙafa ya yi zafi ya tilasta maka tsayawa. Siririn takalmi yana toshe bakin fata, ya bar ƙashi da agara suna shan duka ba mai faɗa musu. Na samu wani a gwanjo, na ji shi sakayau, a makon farko na yi kilomita takwas ɗin da na saba, sau uku. Sha-raɓata ta ɗaure kamar an sa mata igiya, na ce sabo ne. A mako na uku wani ciwo ya tsaya a saman ƙafa, bayan yatsa na biyu, wuri ɗaya tak da zan iya nunawa da ɗan yatsa. Da safe saukowa daga gado sai da dabara. Likita ya danna wurin na ɗauke wuta, ya ce ƙaramar tsagewar ƙashi ce, irin wadda hoton farko ba ya cika nunawa. Mako shida ba gudu. Uwargida ta ce, "Kai da aka ce ka nemi lafiya, ka je ka nemo wani ciwon." Ban da amsa. Laifin ba na takalmin ba ne, gaggawata ce.

Ba ni kaɗai ba ne. A 2013 masu bincike a jami'ar Brigham Young ta Amurka sun bi masu gudu da suka koma siririn takalmi cikin mako goma, hoton asibiti ya nuna alamun gajiyar ƙashi a ƙafafun da yawa daga cikinsu, fiye da waɗanda suka tsaya kan takalminsu na da. A 2014 kuma kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka kai shi kan tallan da ya yi cewa takalminsa na ƙarfafa ƙafa da rage rauni, ko da yake bai amsa laifi ba. Idan mako goma bai isa wasu ba, mako ɗayan da na yi wasa ne. A lissafa watanni.

Takalmin taya

Mutanen Tarahumara na ƙasar Meziko sun yi suna da doguwar tafiya da gudu a cikin duwatsu, kuma abin da ke ƙafarsu yankin taya ne da igiyar fata. Yau kamfanoni na kwaikwayon wannan takalmi suna sayarwa da daloli. Da na fara ganin hotonsa dariya na yi, domin kakannimmu sun je gona da ɗan'uwansa.

Na je wajen wani tsoho mai gyaran takalmi da ke zama gindin bedi a unguwarmu. Ya sa na taka kwali, ya zagaye ƙafata da biro, yana yi yana kallona. Ya ce, "Alhaji, wannan ai na masu kiwo ne. Mi za ka yi da shi?" Na ce, "Gudu zan riƙa yi da shi, Baba." Ya ɗago ya ce, "Wa ya biyo ka?" Kafin la'asar ya gama, kuma kuɗin da ya karɓa bai kai na safa mai kyau guda biyu ba.

Amma sai da muka yi gyara sau uku, kuma gyaran ne ilimin. Tayar mota tana da waya a ciki, ga nauyi, ga ta a lanƙwashe, don haka ta babur ko falan robar da suke sa wa ƙasan takalmi ta fi. Kaurin ya tsaya wajen milimita biyar ko shida. Dole igiya ta zagayo bayan dunduniya ta riƙe. In babu wannan, silifas ka yi, kuma gudu da silifas yana sa yatsu su ƙanƙame don kada ya fice, wanda shi ne kishiyar abin da ake nema. Ƙullin da ke ƙarƙashin yatsu a nutsar da shi cikin robar, in ba haka ba za ka ji kamar kana taka tsakuwa ɗaya har ka dawo. Igiyar fata tana saki in ta jiƙe, ta lailan ba ta saki amma tana cin tsakanin yatsu a kwanakin farko, har sai wurin ya yi kanta.

Ƙarko kam ba a magana. Igiya ce ke tsinkewa, ita ma minti biyar an sauya. Iska na ratsa ƙafa, abin da ke da daɗi a bazara. Aibinsa: yatsu a waje suke, tuntuɓe ɗaya farce ya tafi. Tsakuwa na shiga tsakanin ƙafa da roba. In gumi ko ruwan sama ya jiƙa shi ƙafa na zamewa a kai. Ƙarangiya kuma ta gefe take kamawa. Wajen sabo, hukuncinsa ɗaya da na kanti, domin shi ma ba soso, shi ma yana iya zaunar da mai gaggawa.

Af, akwai takalmin robar nan rufaffe da makiyaya ke sawa. A shimfiɗe yake, ba nauyi, ga arha, ga tare ƙaya. Na ga samari suna gudu da shi lafiya lau. Sai dai ba ya numfashi, in ba ka sa safa ba gumi zai tara maka bororo.

Kambas mai kauri

Shi ne wanda kowa ya sani. Dunduniyarsa takan fi gaba tudu da milimita 8 zuwa 12, ga soso mai shanye duka. Ba ya buƙatar wani sabo, yau ka saya gobe ka fita. Kwalta mai zafi, burji, duhun asuba, duk bai dame shi ba. Wanda ke cewa kauri ba ya da amfani ya dubi zakarun yau. Eliud Kipchoge na Kenya da takalmi mai kauri ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa doka a 2020 cewa kaurin takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40. Ba a kafa wa abin da ba ya aiki doka. Irin waɗannan na tsere dai sun wuce dala 200, kuma ba don mai sassarfar rage tumbi aka yi su ba.

Inda yake cin kuɗi shi ne soson yana mutuwa tun saman na sheƙi. Abin da aka saba faɗa shi ne kilomita 500 zuwa 800. Mai yin kilomita 20 a mako, cikin wata shida zuwa tara ya cinye shi. Zafinmu kuma na ƙara rage masa kwana. Ka bar shi a but ɗin mota ko ka shanya shi a rana tsaka, gam ya saki. Nauyi ma abin dubawa ne, domin kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana ƙara wa mai gudu wahala da kusan kashi 1 cikin 100.

Mafi yawanmu gwanjo muke saye, to a nan ake buɗe ido. Wanda ya sa shi a can wataƙila ya riga ya cinye kilomitocinsa kafin ya iso dila. Ka danna soson da babban yatsa ta ciki, in bai dawo ba ya mutu. Ka duba gefensa, in ya yi tamoji kamar fuskar tsoho, haka nan. Ka ajiye shi a kan tebur ka kalle shi ta baya, in ya karkace gefe ɗaya, tafiyar wani ce a jikinsa, kuma zai koya wa ƙafarka ita. Sabo fil mai babban suna da aka yi maka arha kuwa, ka san jabu ne, ƙasansa roba ce kawai mai tauri. Ka je saye da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka da bakin takalmin. Ƙafafunmu da yawa masu faɗi ne, kambas da yawa kuma masu tsukakken baki ne. Baƙin farcen da ke addabar masu gudu daga nan yake fitowa.

Haɗarinsa shi ne yana yafe kuskure har ka saba da shi. Za ka riƙa miƙa ƙafa can gaba kana dukan ƙasa da dunduniya, ba ka ji ba, sai gwiwa ko ƙwauri sun kawo ƙara.

| Ma'auni | Ba takalmi | Siriri na kanti | Na taya | Kambas mai kauri |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Babu | Tsada, sai a gwanjo | Arha ƙwarai | Sabo tsada, gwanjo dama-dama |
| Ƙarko | Fata na sabuntawa | Mai kyau | Ya fi duka | Kilomita 500 zuwa 800 |
| Sabo | Watanni | Watanni | Watanni, da gyaran igiya | Nan take |
| Inda ya dace | Rairayi ko ciyawa mai tsabta | Kwalta, burji, fili | Kwalta, busasshiyar hanya | Ko'ina |
| Babban haɗari | Ƙaya, ƙuna, tsutsa, agara | Tsagewar ƙashi, agara | Tuntuɓe, zamewa, agara | Gwiwa, ƙwauri, baƙin farce |

Wa ya dace da wanne

Mai ciwon suga, ko duk wanda ƙafarsa ke yin dindiris ba ya jin taɓi sosai, maganarsa a rufe take. Kambas mai faɗi da safa, kuma ya duba tafin ƙafarsa duk ranar da ya dawo. Ƙaramin yanka da bai ji ba yana iya zama gyambo. Kada ya cire takalmi ko a kan rairayi.

Wanda yanzu zai fara, ga nauyin jiki, ga shekaru sun ja, ya fara da kambas. Huhu da zuciya da gwiwa duk suna koyon sabon aiki, kada a ƙara wa agara nata a lokaci ɗaya. Haka saurayin da ke shirin gwajin shiga soja ko ɗan sanda nan da wata biyu. Ya yi atisaye da irin takalmin da zai sa ranar gwaji, ba lokacin gwaje-gwaje ba ne.

Mai gudu da kambas shekara da shekaru ba abin da ke damunsa, ya bar kansa yadda yake. In yana sha'awa, ya ƙara zagaye biyu ko uku ba takalmi a fili mai tsabta bayan ya gama, sau biyu a mako, bayan ya bi filin da ƙafa ya tsince shi.

Wanda gwiwa ke yawan damunsa shi ne ya fi kowa dalilin gwada siriri, na kanti ko na taya. Ya fara da tafiya da shi zuwa masallaci da kasuwa na wasu makonni. Sannan sassarfar minti biyar, ya huta kwana ɗaya, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, sauran gudunsa kuma da kambas. Ciwon tsoka a sha-raɓa na kwana biyu ba komai ba ne. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, ko agarar da ke sandarewa da safe, alamar tsayawa ce. Wanda kuwa agara ko dunduniya ce dama matsalarsa, ya yi nesa da ukun farko har sai ya warke.

Ɗalibi ko mai ƙaramin ƙarfi da ya taso da silifas, bai daɗe da barin ƙwallon lungu ba, takalmin taya ya fi masa mataccen kambas na gwanjo. Mai bin hanyar gona a wajen gari, ta Batagarawa ko ta Kaita, musamman a kaka, rufaffen takalmi zai nema, ko da na roba ne.

'Yar'uwa da ke motsa jiki a tsakar gida ko cikin makaranta mai katanga, ke kin fi mu samun wurin da ya dace. Tsakar gida mai rairayi da aka share da safe ba ƙaya, ba kwalba, ba mai kallo. In siminti ne, ki fara da 'yan mintoci, ki sa kambas ranar da za ki daɗe ko za ki yi tsalle da igiya.

Yara kuma a bar su su yi ta gudunsu ba takalmi a gida da filin da aka san tsabtarsa. In damina ta sauka, ko za su bi ta bayan gari, a sa musu takalmi, a kuma riƙa ba su maganin tsutsar ciki a lokutan da ma'aikatan lafiya suka tsara.